Muddin Goro Yana Tsaye

A rumfar 'yan goro ta Zangon Kumasi, idan gardama ta tashi a kan huhu, Iliasu ake kira. Ba mai yawan magana ba ne. Zai zauna a kan benci, ya kwance igiya, ya ɗaga ganyen fita da aka naɗe goron da shi, ya tura hannu can ciki yana kallon wani wuri dabam, kamar mai sauraron rediyo. Can sai ya zaro ƙwaya ɗaya, jajir da ita, sumul, ko tabo babu. Ya fasa ta da wuƙarsa, sai ga sankara ta cinye cikinta. Abokan sana'a sukan yi masa tsiya, su ce Allah ya manta ya sa masa baki, sai ya ƙara masa ido a yatsu.

Mahaifinsa, Alhaji Khalidu, shi ya koya masa, kuma karatun bai da yawa. A buɗe huhu a kai a kai, a canza ganye, a yayyafa ruwa. Duk ƙwayar da aka ga alamar ciwo a jikinta a fitar da ita nan take, a kai ta bayan rumfa a ƙone tare da tsohon ganyen, tun ba ta shafi 'yan uwanta ba. Alhaji ya tsani a ce masa bari mu ga gobe. Da wannan karatu Iliasu ya ci abinci, ya yi aure, ya aurar, har furfura ta fito masa.

Ba rumfa kaɗai Alhaji ya bari ba. Akwai gonar goro a wani ƙauye bayan Ofinso. Asalinta abota ce. Wani Ba'asante, Opanin Boakye, wato Dattijo Boakye da harshensu, ya shekara yana sayar wa Alhaji goro, har suka zama kamar wa da ƙani. Wata rana ya kira dattawan danginsa, ya nuna wani yanki na daji a bakin rafi, ya ce ya ba Khalidu ya shuka goro. Ba a rubuta kome ba. Abin da aka faɗa a gaban dattawa shi ne, muddin goron yana tsaye a wurin, ƙasa ta Khalidu ce da 'ya'yansa. Ranar da babu goro ko ɗaya a tsaye, ƙasa ta koma ga dangi. A damina ɗaya su biyun suka yi shuka, daga kwando ɗaya, Khalidu a wannan gefen rafi, Boakye a wancan.

Dukansu sun rasu. Gefen Boakye ya koma hannun 'yar ƙanwarsa, Maame Akosua, tun da su Asante ta wajen uwa suke gado. Gefen Khalidu ya zauna a hannun Iliasu da yayarsa Barkisu, wadda take zaune a unguwar Dichemso tana tuyar masa tun rasuwar mijinta. Iliasu ba manomi ba ne, bai taɓa cewa shi manomi ba ne. Yakan sa a share gonar, ya je lokacin tsinka, ya kwana biyu, ya dawo da kaya. Goron wannan gona ba ya sayar da shi duka. Da shi ake ɗaurin auren gidansu, da shi ake suna, shi ake kai wa liman da salla. Mutanen Zango sun san shi, suna ce masa goron Alhaji.

Sai aka shiga wata shekarar fari. Ruwan ƙarshen shekara ya ɗauke tun lokacinsa bai yi ba, na farkon shekara kuma ya ƙi zuwa. A Zango famfo ya koma tari babu ruwa, mata suna bin motar ruwa da jarkoki har unguwar Krofrom. Ganyen fita da ake kawowa daga daji ya yi ƙaranci, wanda ya iso ma ƙanana ne, suna karyewa a hannu. Daga ganyen Iliasu ya gane daji yana cikin wani hali. Ya hau torotoro, motar hayar Gana, ya tafi, a watan da bai taɓa zuwa gonar ba.

Rafin ya zama hanya, har akwai sawun awaki a ciki. Kusan rabin itatuwan goron sun zubar da ganye, sun tsaya tsirara, ƙananan rassan sama suna ɓallewa da kansu. Manyan itatuwan daji da Asante ke kira wawa, da Alhaji ya bari a tsakiyar gona, waɗanda Iliasu ya saba ganinsu kamar laima, su ma babu ganye ko ɗaya. Sauran goron da ke da ganye sun yi yaushi, amma suna nan kore. Ya zagaya, yana dafa wannan yana dafa wancan. Bai ga fari ba. Huhu ya gani an buɗe, rabi ya kamu, rabi yana jiran ya kamu.

Da ya dawo ya biya ta Dichemso ya gaya wa Barkisu abin da ya yanke. Tana juya masa a tanda tana sauraro. Ta ce ita dai ta tuna shekarar tamanin da uku, shekarar yunwa da gobarar daji, lokacin shi Iliasu yana Legas yana bin motocin goro. Bayan wannan fari an yi shekaru babu abin kirki da ya zo daga gona, kuma ba ta taɓa jin Baba ya sa gatari ba. Iliasu ya ce ai ba ta je ta gani ba, tana ɗakin miji a lokacin. Ta ce gaskiya ne.

"To ka tambayi Maame Akosua," in ji ta. "Ita a cikinsu ta tashi. Kai baƙonsu ne, sau ɗaya a shekara suke ganin fuskarka."

"Yaya, goro ne fa. Goro za a koya mini?"

"Na kwando ka sani. Kai wa ya ce maka goro a kwando ake haihuwarsa?"

Bai ji daɗi ba, amma ya ɗauki shawarar. A lokacin Maame Akosua tana kwance a babban asibitin Bantama, an yi mata aiki a ciki. Ya sayi lemo da burodi ya tafi da niyyar ya tambaye ta. Ya same ta ta rame, ga robar ƙarin ruwa a hannu, muryarta da ƙyar take fita. Ta gane shi, ta yi murmushi, ta kira shi da sunan da Asante ke kiran Musulmi, wanda ta saba tsokanarsa da shi tun suna matasa.

"Kramo, an ce ka je ƙauye. Yaya gona?"

Ya dubi hannunta, ya dubi fuskarta. A gidan da ya tashi ba a kai wa mara lafiya mugun labari a bakin gado, ko da gidansa ne ya ƙone.

"Lafiya lau, Maame," ya ce. "Kome lafiya."

Ta ce ta gode wa Allah, ta lumshe ido. Ya yi mata addu'a ya fito, da tambayarsa a ciki.

Mako bai zagayo ba ya ɗauki Muniru mai injin yankan katako suka tafi. Iliasu yana gaba da wuƙar goro, duk itacen da bai da ganye sai ya yi masa tsaga a jiki, Muniru yana biye yana kayarwa. A itace na farko Muniru ya kashe inji, ya debo dusar katakon ya miƙa masa, yana dariya, ya ce Baba wannan gawar taka fa gumi take yi. Iliasu ya murza dusar a tafin hannu. Da danshi, da sanyi. Sannan ya tuna ruɓaɓɓen goro ma da danshi yake, har ya fi mai lafiya. Ya ce a ci gaba. Muniru bai ja ba, shi aikinsa yanka ne.

Suka kayar da wawa ɗin ma, tun da a ganin Iliasu su ne ciwon ya fi cinyewa. Bai san cewa wawa yakan zubar da ganyensa kowane rani, fari ko ba fari ba. Bai taɓa zuwa da rani ba balle ya gani. Da aka gama, ya sa aka share kewaye, aka tara rassa a kan kututturan aka cinna wuta, yadda Alhaji yake yi wa goro mai sankara a bayan rumfa. Da yamma ya tsaya ya dubi gonar. Ta yi fili, ta yi haske, masu lafiya sun tsaya kowanne shi kaɗai. Ya dubi tsallaken rafi, gonar Maame Akosua da babu mai kula da ita, matattu da masu rai a cakuɗe, sai tausayinta ya kama shi.

Ruwa ya dawo. A wannan shekara itatuwan Iliasu suka yi fure kamar ba su taɓa yi ba, goro ya zo da yawa, ko da yake ƙanana ne. Ya kai wa Barkisu kwando har gida ya ajiye a gabanta bai ce kome ba. Ta ce ta gani, ba sai ya yi mata wa'azi da shiru ba.

Amma ranin da ya biyo baya ya fi na da zafi, kuma yanzu babu abin da ke tsakanin rana da ƙasar gonar. Ƙasar da a da in ka tona da yatsa sai ka ji sanyi, ta bushe ta tsattsage. Ɓawon itatuwan ya fara darewa ta gefen da rana ke duka. Ƙwari suka shiga ta tsagar, suna zubo gari a gindi. Da damina itatuwan sukan yi ƙoƙari su fitar da ganye, kafin su murmure wani ranin ya sake zuwa, ruwan kuma ba ya zuwa a lokacin da aka san shi. Suka fara mutuwa ɗaya bayan ɗaya, mutuwa ta gaske. Duk wanda ya bushe Iliasu sai ya kira Muniru, duk wanda aka kayar kuma sai ya ƙara buɗe wa rana ƙofa a kan na kusa da shi.

A tsallaken rafi abin ya bi wata hanya, a hankali ƙwarai, har mai wucewa ba zai lura ba. Damina ta farko yawancin tsirarun itatuwan ba su motsa ba. Ta biyu, sai ga 'yan ganye suna fitowa ba a sama ba, a jikin gangar itacen, ƙasa ƙasa, kamar gashin jariri. Ba fure, ba 'ya'ya. Wasu sun mutu a tsaye, amma ko a mace suna tare wa na kusa da su rana, tsirrai masu yaɗo da ganyen daji suka hau su. Sai da aka yi shekaru kafin kan gonar ya sake haɗewa. Ranar da Iliasu ya tsallaka rafi ya ga kwanson goro yana reto a jikin itacen da ya taɓa yi wa kallon gawa, sai ya zauna a kan wata saiwa.

A nan Maame Akosua ta same shi, tana dogara sanda. Ta warke, amma ba ta koma yadda take ba. Ta zauna kusa da shi. Daga baya ta ba shi labarin tamanin da uku. Ta ce kawunta da Alhaji Khalidu a nan suka zauna, a bakin wannan rafi, suna cin daushe, tsohon goron bara, suna kallon itatuwa tsirara. Kawunta ya ce itace in ya ga ruwa ya ƙare yakan sallami ganyensa don ya rage masu sha, ya koma ya ɓuya a saiwa, kuma ba ya fitowa don an yi ruwa sau ɗaya, sai ya tabbata. Alhaji ya ce shi bai san wannan ba, amma zai jira tare da shi. Ta ce ita ma yanzu tsoro take ji, domin a da fari yakan zo ya tafi ya ba itace shekaru ya huta, yanzu kuwa kafin ya miƙe an sake buge shi. Nata ma ba ta san ko za su jure na gaba ba.

"Me ya hana ka tambaye ni?" ta ce.

"Kina kwance, Maame."

"Ina kwance, amma kunnena ba a yi masa aiki ba. Na tambaye ka da bakina, ka ce lafiya lau." Ta girgiza kai. "Ku da lafiya lau ɗinku. Ko kan mutum ya rabu da wuyansa, lafiya lau."

Ya so ya yi dariya, ba ta fito ba.

Lokacin da shugaban dangin, Opanin Agyei, ya zo Zango da kansa, itace ɗaya ya rage a gefen Khalidu. Yana can bakin rafi, inda inuwar gonar Maame take kaiwa da la'asar. Opanin ya zauna a rumfa, aka ba shi ruwa, aka fasa masa goro, ya tambayi iyali ɗaya bayan ɗaya. Sannan ya ce ba da faɗa ya zo ba. Samarin dangi sun yi yawa, ƙasa ta yi kaɗan, suna kallon filin nan a buɗe suna magana. Shi kuwa yana yaro aka yi alkawarin a gabansa, ba zai karya shi ba. Muddin itacen nan yana da rai, ko ganye ɗaya ne a kansa, ƙasa ta 'ya'yan Khalidu ce, har su sake shuka a inuwarsa. Amma an gaya masa itacen shi ma ya zubar da ganye a ranin nan. Za su jira har ƙarshen damina, su je tare su duba.

Iliasu ya jira. Bai taɓa jiran abu haka ba a rayuwarsa. Ya bar rumfa a hannun maƙwabta, yana zuwa ƙauye a kai a kai, har direbobin torotoro suka fara ce masa manomi. Ya tara busasshen ganye a gindin itacen, ya dasa 'ya'yan ayaba kewaye da shi don su yi masa inuwa, yadda Maame ta nuna masa. Wuƙarsa ba ta fita daga aljihu ba. Yakan tsaya ya bi gangar da ido tun daga ƙasa har sama, yana neman ɗan kore ko kamar ƙwayar gero. Ruwa ya yi kyau a wannan shekara. Ayaba ta yi tsawo, ciyawa ta rufe baƙaƙen kututturan da ya ƙone, waɗanda ko ɗaya bai taɓa tohowa ba.

Ranar duba Barkisu ta rufe tandarta ta bi shi. Opanin Agyei ya zo da dattawa biyu da wasu samari. Itacen yana nan yadda yake. Maame Akosua ce ta fara magana, da harshensu na Asante, tana buga sanda a ƙasa. Ta ce nata sun fi haka daɗewa a tsirara, kowa a nan shaida ne, a ƙara wa Kramo shekara. Wani saurayi ya yi gunaguni cewa in haka ne sai a jira har tashin kiyama, ai su Kramo sun ce ranar kowa zai tashi. Opanin ya harare shi. Sannan ya juyo ga Iliasu.

"Ɗan Khalidu, an ce a Kumasi babu wanda ya kai ka sanin goro. Abin da ka faɗa shi za mu ɗauka. Yana da rai?"

Barkisu ta kama gefen rigarsa ta baya, a hankali, yadda take yi masa suna yara in zai faɗi abin da zai jawo musu duka. Da ya ce bai sani ba, da an ƙara shekara, kuma ba wanda zai ce ya yi ƙarya. Amma hannunsa ya riga ya sani tun wata guda da ya wuce, ranar da ya dafa gangar ya ji ta amsa kamar ganga. Ya ciro wuƙa. Ya kankare reshe, busasshe. Ya kankare ganga, ɓawon ya ɓalle ya zubo da garin ƙwari. Ya durƙusa ya tone ganyen da ya tara, ya kankare saiwa, inda aka ce itace yake ɓuya. Ya daɗe a durƙushe.

"Ya mutu, Opanin," ya ce.

Opanin ya ce masa sannu, irin sannun da suke yi wa wanda aka yi wa rasuwa, dattawan ma suka faɗa. Aka ce ayabar tasa ce in ta nuna. Ya ce a bar wa samarin.

A mota Barkisu ba ta yi masa maganar baya ba. Ta dai ce Baba ma da shi ne, da abin da zai faɗa ke nan, shi ya sa tun farko gidansu ba su da arziki. Tsakanin ƙafafunsu akwai kwandon goro da Maame Akosua ta sa aka ɗora musu. Maame ta ce kada ya kuskura ya yi mata godiya, daga kwando ɗaya aka shuka su, goron Alhaji ne shi ma, kuma duk auren da za a yi a gidansu a aiko mata.

Washegari da hantsi ya zauna a rumfa ya buɗe kwandon. Barkisu ta kawo masa masa ta zauna a bakin benci. Hannunsa ya shiga ya fita, ya shiga ya fita, sai ya tsaya a kan wata ƙwaya da ta yanƙwane, fatarta ta tattare. Ba sankara ba ce, ƙishi ne kawai. Irin wannan a da ba ya ko duba ta sau biyu. Ya juya ta a tafin hannu, ya ga bakinta ya ɗan buɗe. Ya tashi ya nemo gwangwanin madara, ya huda gindinsa da ƙusa, ya cika da ƙasar da ya kankaro daga gefen kwata, ya binne ta, ya yayyafa ruwa.

Barkisu ta dubi gwangwanin, ta dubi tsakar rumfar da aka shafe da siminti, ta dubi kwanon rufin maƙwabta da ya haɗe da nasu.

"In ya fito, a ina za ka dasa shi?"

Iliasu ya matsar da gwangwanin ƙarƙashin benci, inda rana ba ta kaiwa, ya koma kan kwando.